Dokar Dalton da kanwar ƙasar Manga

A shekarar 1803 John Dalton, malamin makaranta a birnin Manchesta na Ingila, ya gano wata ƙa'ida da ɗaliban sakandare a Jakusko da Gashua na jihar Yobe ke amsa tambayoyi a kanta a jarrabawar WAEC da NECO. Ƙa'idar, wadda ake kira dokar ninkin rabo, ta ce idan sinadarai biyu suka haɗu ta hanya fiye da ɗaya, aka tsayar da nauyin ɗayansu, to rabon nauyin ɗayan kan zo da ƙananan lambobi cikakku, kamar 1 da 2, ko 2 da 3. Ya bayyana ta a littafinsa na 1808, ta zama hujjarsa cewa kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin atam.

Misalin da aka fi bayarwa yana cikin kaskon gawayi. Giram 12 na kabon kan haɗu da giram 32 na oksijin idan iska ta wadata, a samu kabon dayoksaid. Idan aka rufe ɗaki saboda sanyin hunturu, iska ta yi ƙaranci, giram 12 ɗin nan sai su ɗauki giram 16 kaɗai, a samu kabon monoksaid, gubar da ke kashe mutum yana barci. Sha shida da talatin da biyu, ɗaya ne da biyu. Dabarar warware irin wannan tambaya ita ce a fara daidaita nauyin sinadari ɗaya a ɓangarorin biyu, sannan a raba. Wanda ya tsallake matakin farko ya ɓata lissafin duka.

A 1808 masanin kimiyya William Wollaston ya ƙarfafa dokar da gishirin potash: ya nuna cewa baikabonet na riƙe da ninki biyu na iskar kabon dayoksaid da kabonet ke riƙe da ita. Haka abin yake a gishirin soda, kuma nan ne batun ya taɓa arewacin Yobe, domin kanwa ta ƙunshi duka nau'o'in biyu na soda. Fatake sun daɗe suna kwaso kanwa da gishirin mangul daga ƙasar Manga, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, garin ya zama mashigar wannan kaya zuwa Kano da Kudu. Ya kamata malamin kimiyya a wannan yanki ya fara darasin da kanwar da ake jefawa a miyar kuka ko kunun kanwa, kafin ya kai ɗalibai ga alƙaluman allo.