Rundunar Jiragen Sama Bisa Teku, da Yadda Hanyarta Ta Biyo Ta Kano

Zuru garin sojoji ne, kowa ya sani. Tun daga 'yan mazan jiyan da suka je yaƙin Bama har zuwa janar-janar irin su Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, da wuya ka bi layi a Rikoto ba ka wuce gidan da aka taɓa sa kaki ba. Sai dai hirar soja a nan ta sojan ƙasa ce. Ba kowa ya san cewa sojan ruwa ma yana da matuƙa jiragen sama ba, runduna sukutum wadda filin tashinta da saukarta bisa ruwa yake yawo.

Da ganganci abin ya faro. Ran 14 ga Nuwamba 1910 wani Ba'amurke, Eugene Ely, ya tashi da jirginsa daga kan dandamalin katako da aka kafa a goshin jirgin ruwan yaƙi USS Birmingham. A Janairun 1911 ya yi wadda ta fi wuya, ya sauka a kan USS Pennsylvania. An gitta igiyoyi a kan dandamalin, kowace an ɗaure bakinta biyu da buhunan yashi, shi kuma ya maƙala ƙugiya a ƙarƙashin jirginsa don ta kama su. Har gobe dabarar ke nan, illa dai igiyar ta koma wayar ƙarfe mai kauri.

Ingila ce ta biya da rai. Ran 2 ga Agusta 1917 Edwin Dunning ya sauka a kan HMS Furious yana cikin tafiya, abokan aikinsa suka ruga suka riƙe jirgin da hannu. Bayan kwana biyar ya sake gwadawa, ya faɗa ruwa ya nutse. A 1918 aka kammala HMS Argus, wanda aka share masa baya fetal daga goshi zuwa wutsiya. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu.

Manyan hafsoshin ruwa na lokacin ba su ɗauki jiragen saman a bakin komai ba. A wurinsu 'yan leƙen asiri ne, su hango abokin gaba su dawo su faɗa, sannan manyan igwa su yi aikin. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba gardama. A Nuwamba 1940 jirage 21 kacal daga HMS Illustrious suka nakasa manyan jiragen ruwan Italiya uku a tashar Taranto. A Disamba 1941 Japan ta auka wa Pearl Harbor da jirage sama da 350 daga jiragen dako shida, wato jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama.

A ganina, yaƙin Midway na Yuni 1942 shi ya fi nuna abin da ake nufi da runduna. Masu sakin nakiyar ruwa na Amurka suka fara isa, ƙasa-ƙasa, aka yi musu kisan kiyashi. Amma sun ɗauke hankalin masu tsaron Japan, sai masu jefa bam suka sulmiyo daga can sama ba mai tare su. Cikin 'yan mintoci jiragen dakon Japan uku suka kama da wuta, na huɗu ya bi su da yamma. Daga nan ba wanda ya sake shakkar cewa mai leƙe da mai kariya da mai kai farmaki jiki ɗaya ne, ƙarƙashin kwamanda ɗaya. Jirgin ruwan da ba su, tasha ce ba motoci.

To ina ruwan Arewa? Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ya zama haɗari ga Ingila, ga sojojinta a Masar suna neman jirage ido rufe. Sai aka zagayo ta Takoradi, a Ghana ta yau. Argus ne ya kawo jiragen Hurricane can a Satumban shekarar, Furious ya biyo baya daga Nuwamba, ya yi sawu fiye da ɗaya. Akasarin sauran a akwatuna suka zo cikin jiragen kaya, aka harhaɗa su a can. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Sudan, su bi kogin Nilu har Alƙahira: tafiyar kusan kwana shida, babban jirgi guda a gaba yana nuna hanya, ƙananan na biye. Ƙura da rairayi sun ci injuna, wasu jiragen ba su isa ba. Duk da haka fiye da 5,000 suka bi hanyar. Wato Bakanon da ya ɗaga kai a 1940 ya ga Hurricane na sauka, mai yiwuwa jirgin da ya gani bisa bayan Argus ya ƙetaro teku.

A yau Amurka na da manyan jiragen dako 11. Kowace runduna takan haɗa jirage wajen 60 zuwa 70: F/A-18 da F-35C na faɗa, E-2 mai faifan rada a doro, EA-18G mai rikita na'urorin abokin gaba, da masu saukar ungulu na ceto da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Ƙara ba ta barin magana a kan dandamalin, don haka da launin riga ake gane kowa: mai ja na makamai ne, mai shunayya na man jirgi, mai rawaya shi ke ba jirgi hannu.

Nijeriya ba ta taɓa mallakar jirgin dako ba. Abin da ta yi shi ne sayen NNS Aradu daga Jamus, wanda ya fara aiki a 1982 da wurin saukar helikwafta ɗaya, sannan jiragen Lynx uku da aka girke a Ojo, Legas. Ban ga laifinta ba. Kuɗin jirgin dako guda ya fi ƙarfin aljihunmu, matsalarmu kuma ba a tsakiyar teku take ba. Manomin Danko-Wasagu ko Sakaba da 'yan bindiga suka hana shi gona, jirgin da yake sauraron ƙararsa daga Kainji zai taso, inda aka girke Super Tucano 12 da suka iso a 2021.