Shaye-shaye a Makarantu: Aikin Malamai, Iyaye da 'Yan Sanda

Shaye-shaye na daga cikin manyan matsalolin da ke addabar makarantunmu na sakandare. Abubuwan da akan samu a hannun ɗalibai sun haɗa da tabar wiwi, sholisho, ƙwayar taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a shekarar 2018.

Ladabtar da ɗalibi aikin makaranta ne. Idan aka kama yaro, shugaban makaranta zai kira mahaifinsa ko waliyyinsa a zauna da kwamitin ladabtarwa. Kora ita ce matakin ƙarshe, domin yaron da aka kora yakan ƙare a tasha ko cikin 'yan daba.

Ana kiran 'yan sanda ne idan an ga makami, ko an raunata wani, ko ana sayar da ƙwaya a harabar makaranta. Dillalai kuwa, a kai rahotonsu ga hukumar NDLEA, wadda aka kafa a shekarar 1989 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su sa ido a kan kemis-kemis da shagunan da ke kusa da makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.