Ranar Bu'asu: Yadda 'Ya'yan Uwa Ɗaya Suka Kusa Ƙarar da Juna a Yasriba

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, yawancinmu mun taso da jin labarin Ansaru a matsayin mutanen da suka tarbi Manzon Allah (S.A.W.) da murna, suka raba gidajensu da gonakinsu da Muhajirai. Abin da ba kasafai ake tsayawa a faɗa mana ba shi ne, shekara biyar kacal kafin wannan tarba, waɗannan mutane suna fagen fama suna saran juna da takubba. Ni kuwa a ganina, wanda bai san wannan ɓangare na tarihinsu ba, bai san girman abin da Musulunci ya yi a Madina ba.

Ausu da Khazraj ƙabilu biyu ne da suka fito daga tsatso ɗaya. Asalinsu Larabawan Yaman ne daga ƙabilar Azdu, kuma masana nasaba sun ce kakanninsu wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa ake haɗa su a kira su Banu Ƙaila da sunan uwar tasu. Sun sauka Yasriba, wadda daga baya ta zama Madina, suka tarar da ƙabilun Yahudawa a can, manyansu su ne Banu Ƙuraiza da Banu Nadir da Banu Ƙainuƙa. Yasriba a lokacin ba birni ɗaya ba ce mai ganuwa da sarki kamar yadda muka san Kano ko Katsina. Unguwanni ne warwatse a tsakanin gonakin dabino, kowane gida da hasumiyarsa ta dutse inda ake ɓoye mata da yara idan an yi gangami. Babu alƙalin da kowa ya yarda da shi. Abin da ke tsare ran mutum shi ne tsoron da ake yi cewa danginsa za su rama.

Malaman tarihi sun ce gabar ta kai kimanin shekara 120. Yaƙin farko da suke ambata shi ne na Sumairu. Wani baƙo ne da ke ƙarƙashin amanar Malik ɗan Ajlan, shugaban Khazraj, wani mutumin Ausu mai suna Sumairu ya kashe shi. Ausu ba su musa biyan diyya ba, amma suka ce al'ada ita ce diyyar wanda ya shigo cikin amana rabin ta ɗan ƙabila ce. Malik ya ce shi sai cikakkiya. A kan wannan rabi aka zare takobi. Ka duba, ya ɗan'uwa: tun daga ranar farko gardamar ita ce ko jinin wani ya kai na wani daraja. Daga nan kuma kowane yaƙi ya riƙa haifar da na gaba, domin ba a taɓa tashi daga fage lissafi ya yi daidai ba. In wannan ɓangare ya ce an rama, wancan zai ce an zarce. Wani yaƙin ma, wanda ake kira na Haɗib, ya samo asali ne daga wulaƙancin da aka yi wa baƙon wani mutum a kasuwa. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma galibi muna faɗin haka ne da alfahari, ba mu lura cewa wanda aka yi wa ramuwar shi ma da wannan karin maganar zai kwana.

Kafin yaƙin ƙarshe, wata tawaga ta Ausu ta tafi Makka neman ƙawancen Ƙuraishawa a kan 'yan'uwansu. Manzon Allah (S.A.W.) ya ji labarinsu, ya je ya same su, ya kira su zuwa ga Musulunci, ya karanta musu Alƙur'ani. Wani saurayi a cikinsu, Iyasu ɗan Mu'azu, ya ce wa mutanensa wannan ya fi abin da ya kawo su. Jagoran tawagar ya ɗebi ƙasa ya watsa masa a fuska, ya ce ba don wannan suka zo ba. Suka koma gida babu ƙawance babu Musulunci.

Ranar Bu'asu ta kasance wajen shekara ta 617 Miladiyya, a wani fili kusa da gonakin Banu Ƙuraiza. Akwai abin lura cikin musabbabinta. Khazraj sun ji tsoron kada Banu Ƙuraiza da Banu Nadir su mara wa Ausu baya, sai suka karɓi yaransu a matsayin jingina. Jagoran Khazraj a lokacin, Amru ɗan Nu'uman, mutanensa suna zaune ne a kan ƙasa mai gishiri mara albarka, ya kuma yi musu alkawarin zai zaunar da su a wuraren Yahudawan nan masu ruwan daɗi da dabino mai kyau. Da masu ƙasar suka ƙi tashi, ya kashe yaran da ke hannunsa. Wannan ya sa ƙabilun biyu suka koma gefen Ausu da dukkan ƙarfinsu. Wato a sama maganar jinin kakanni ake yi, a ƙasa kuwa maganar gona ce da ruwa. Duk wanda ya bibiyi rikicin manoma da makiyaya a Zamfara ko Filato ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba.

Da farko Ausu ne suka juya da baya. Jagoransu Hudairu, da ya ga haka, sai ya soke ƙafarsa da mashinsa ya durƙusa, ya rantse ba zai gusa ba sai dai su bar shi a kashe. Kunya ta dawo da su, yaƙin ya juya, aka kashe Amru, Khazraj suka watse, Ausu suka bi su suna ƙona gidaje da itatuwan dabino har sai da wani daga cikinsu ya yi kira a sassauta, yana tuna musu cewa in sun ƙarar da 'yan'uwansu ba su san wa zai zama maƙwabcinsu ba. Hudairu ma bai daɗe ba ya mutu da raunukansa. An ce Ausu sun yi nasara, amma nasara ce da ba ta bar wa kowa ƙarfin yin murna ba. Ba a yi sulhu ba, gajiya kawai aka yi.

Uwar Muminai A'isha (R.A.), kamar yadda ya zo a Sahihul Bukhari, ta kalli wannan rana a matsayin share fage da Allah Ya yi wa Manzonsa, domin ya iso ya tarar an kashe manyansu, taronsu ya tarwatse. Wannan magana tana buƙatar natsuwa. Ba ta nufin kisan ya zama alheri. Sharri sharri ne, kuma wanda ya yanka yaran jingina zai tsaya gaban Ubangijinsa. Abin da na fahimta shi ne, dattawan da girmansu ya dogara ga ci gaban gabar sun tafi, saura samari waɗanda suka binne iyayensu suka kuma ga ƙarshen hanyar da idonsu. Allah na fitar da alheri daga inda Ya so, ba tare da hakan ya wanke hannun mai laifi ba.

A shekara ta 620 mutum 6 daga Khazraj suka haɗu da Manzon Allah (S.A.W.) a Aƙaba lokacin aikin hajji, suka karɓi Musulunci, kuma abin da suka fara kokawa da shi shi ne ƙiyayyar da suka baro a gida, suna fatan Allah Ya haɗa kan mutanensu ta hannunsa. A 621 mutum 12 suka yi mubaya'a, a 622 kuma maza 73 da mata 2. Tsakanin mubaya'o'in biyu an tura musu Mus'abu ɗan Umairu (R.A.) ya koyar da su, kuma Ibnu Is'haƙ ya ruwaito cewa shi ke ba su salla, saboda har a lokacin ɗan Ausu ba ya son bin ɗan Khazraj, haka ɗan Khazraj. Sun yi imani, amma ba su iya tsayawa bayan juna ba tukuna. Cikin waɗanda suka musulunta a hannun Mus'abu akwai Usaidu (R.A.), ɗan Hudairun nan da ya soke ƙafarsa a Bu'asu, mai masaukin Mus'abu kuwa As'adu ɗan Zurara (R.A.) ne, ɗan Khazraj.

Da Manzon Allah (S.A.W.) ya iso, bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Yarjejeniyar da aka rubuta a Madina ta bar wa kowane gida nauyin biyan diyyarsa kamar da, amma ta sauya abu ɗaya mai girma: mai kisa shi kaɗai ake nema, kuma muminai duka su taru a kansa ko da ɗan ɗayansu ne, ba wanda ya halatta ya ɓoye shi, saɓani kuma a kai shi ga Manzo. Da wannan aka zare ramuwa daga hannun dangi aka miƙa ta ga hukunci. Masu cewa a yi haƙuri a manta kawai, ba tare da an hukunta kowa ba, su sake karanta wannan wuri. Masu cewa a rama kan duk wanda aka samu daga wancan ɓangare, kamar yadda aka yi wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba a Kano a 2004 bayan kashe-kashen Yelwa, su ma su karanta.

To, shin gabar ta mutu? Ba ta mutu farat ɗaya ba. Malaman tafsiri sun kawo, a ƙarƙashin ayoyi na 100 zuwa 103 na Suratu Ali Imrana, labarin wani tsoho mai suna Shasu ɗan Ƙaisu da ya wuce ya ga Ausu da Khazraj suna hira wuri ɗaya, abin ya ɓata masa rai, ya tura wani yaro ya zauna cikinsu yana rera waƙoƙin da aka yi a kan Bu'asu. Ba a jima ba aka fara alfahari, aka koma zage-zage, aka yi kiran makamai, har sai da Manzon Allah (S.A.W.) ya fito ya tsawatar musu da cewa kiran jahiliyya suke yi alhali yana tsakaninsu. Suka yi kuka suka rungumi juna. Masu wa'azi sukan tsaya a kan cewa tsohon Bayahude ne, su rufe littafi a nan, mai sauraro ya tashi da sabuwar ƙiyayya. Amma me tsohon ya kawo? Bai kawo ƙarya ba, bai kawo makami ba. Waƙoƙinsu ne, su suka yi su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yau aikin yaron nan wayar hannu ke yin sa: a tono hoton gawarwaki na shekarun baya, a watsa shi da daddare, a ce jiya aka yi.

Kuma akwai ranar da babu wani baƙo a wurin. Lokacin ƙazafin da aka yi wa A'isha (R.A.), bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ, Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari yana neman wanda zai isar masa ga mutumin da ke cutar da iyalinsa. Shugaban Ausu ya miƙe ya ce in nasu ne za su sare wuyansa, in kuma na Khazraj ne a ba su umarni. Sa'adu ɗan Ubada (R.A.), shugaban Khazraj, ya ƙaryata shi nan take, Usaidu ya mayar masa da zafi, ƙabilun biyu suka yunƙura cikin masallaci, Manzo yana kan mumbari yana lallashinsu har suka yi shiru. A'isha da kanta ta shaida cewa Sa'adu mutumin kirki ne, ƙabilanci ne ya ɗebe shi. Idan hakan ya faru ga sahabi a gaban Annabi, ban ga dalilin da zai sa ni da kai mu amince wa zukatanmu ba.

Mutumin da ake magana a kansa ranar nan shi ne Abdullahi ɗan Ubayyu, kuma labarinsa ne ya fi hana ni saurin raba mutane gida biyu. Shi ne babban Khazraj da ya ƙi fita Bu'asu, ya ce zalunci ne, ya kuma ƙi kashe yaran jinginar da ke hannunsa. Saboda haka ne bayan yaƙin mutanen Yasriba suka fara shirin naɗa shi sarki, har ana haɗa masa kambi, sai ga Hijira. Wanda ya fi kowa tsabtar hannu a ranar jini shi ya zama shugaban munafukai a ranar shiriya, saboda sarautar da ta kuɓuce masa. Ɗan jagoran yaƙi kuwa ya zama cikin manyan sahabbai.

A tafiyar nan ta Banul Musɗaliƙ, bayan munanan kalaman da Ibnu Ubayyu ya furta, Umar (R.A.) ya nemi a kashe shi, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi, don kada mutane su ce yana kashe sahabbansa. Ɗan mutumin, shi ma Abdullahi (R.A.), mumini na ƙwarai, ya zo ya ce in har za a kashe mahaifinsa to a sa shi ya yi da hannunsa, domin yana tsoron in wani ya yi, ba zai iya jure ganin makashin ubansa yana yawo cikin mutane ba, sai ya kashe shi, ya shiga wuta. Wannan saurayi ya san garinsu, ya kuma san kansa. Manzo ya ce masa a'a, za a ci gaba da kyautata zama da mahaifin nasa muddin yana tare da su. Daga baya mutanen Ibnu Ubayyu da kansu suka riƙa tsawata masa duk lokacin da ya tayar da wata fitina. Da ya mutu a shekara ta 9 bayan Hijira, ɗan ya roƙi rigar Manzon Allah (S.A.W.) don a yi masa likkafani da ita, aka ba shi.

Shekara guda bayan haka, a hajjin bankwana na 632, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsaya a Arafa ya shelanta cewa duk wani jini na zamanin jahiliyya an yafe shi, ba mai sake neman sa. Kowace ƙabila da ke tsaye a wurin tana da nata lissafin da take riƙe da shi. Bai fara da na Ausu ba, bai fara da na Khazraj ba. Ya fara da jinin gidansu, na ɗan Rabi'a ɗan Harisu ɗan Abdulmuɗɗalibi, wanda ƙabilar Huzailu ta kashe yana wurin raino a cikin Banu Sa'ad.