Doro Da Dindir: A Tafi Ko A Dakata?

A gabashin Sudan, inda kogin Dindir yake gangarowa daga duwatsun Habasha ya shiga Shuɗin Nilu, akwai ƙauyukan Hausawa masu yawa. Kakannin waɗansu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Waɗansu kuwa sun bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sannar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aikin auduga na Jazira ya ƙara jawo su. Galibinsu Musulmi ne, amma harshensu ɗaya da na masu bi na ƙasar Hausa. Shi ya sa in labarin wahala ya fito daga can, tambaya takan taso: a aika masu aikin jinƙai, ko a dakata sai ƙura ta lafa?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA, ta taɓa tsayawa a gabanta. A 1937 Italiyawa, waɗanda suka mamaye Habasha, suka kori ma'aikatanta daga can. Waɗansu ba su koma gida ba. Suka ƙetare zuwa Sudan, suka buɗe tasha a Cali cikin mutanen Uduk, da wata a Doro cikin Mabaan, can kudu da ƙauyukan Hausawa, kusa da iyakar Habasha. A lokacin Sudan tana hannun Turawan Ingila, ana ganinta wurin zaman lafiya.

Zaman lafiyan bai daɗe ba. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu, a watan Yuli kuma sojojinta suka kama Kurmuk a bakin iyaka. A Doro akwai wani likita Ba'amurke, Robert Grieve, da matarsa Claire. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, tashar kuma ba ta soja ba ce. Suka zauna. Ran 23 ga Agusta jiragen Italiya suka zubo bamabamai a kan tashar. Likitan da matarsa suka rasu, Kenneth Oglesby da matarsa suka ji rauni.

Mai karatu na yau yana iya cewa wauta ce, wani ya ce jaruntaka. Dukansu biyu sun yi garaje. Mutanen nan sun zaɓi ƙasa mai lafiya, sai yaƙi ya zo ya same su a ciki. Shawarar da ta fi nauyi ba ta ranar tashi daga gida ba ce, ta ranar da ya kamata a ce "mu fita" ko "mu zauna" ce, marasa lafiya kuwa suna bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Baƙo yana da fasfo da gidan komawa, ɗan ƙasa ba shi da inda za shi. A 1964 gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan na ƙetare, suka tafi da baƙin ciki amma da ransu. Ekklesiyar Uduk ta tsaya da fastocinta. Sa'ad da yaƙin basasa ya iso Kurmuk a 1987, su ne aka ƙone wa ƙauyuka, suka gudu Habasha da ƙafa.

Hausawan ma abin ya zo kansu. A Yuli 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakaninsu da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, ɗaruruwa suka mutu. Sa'an nan babban yaƙi ya fara a Afrilu 2023. Rundunar RSF ta kama Wad Madani a Disamba, ta kama Dindir a Yuli 2024, soja suka ƙwato ta a Oktoba. A cikin waɗannan watanni ƙungiyoyin agaji na waje da yawa ba su iya shiga wuraren faɗa ba. A garuruwan Sudan da dama, samari da matan unguwa ne suka ɗora manyan tukwane, abin da suke kira takaya, suna ciyar da jama'a da kuɗin da 'yan'uwa na nesa suke aikowa ta wayar hannu.