Yaron da Ya Sauka a Tashar Jos



Kakana na wajen uba ya sauka a Jos bai fi shekara goma sha ɗaya ba, ba uwa ba uba, daga shi sai allo da riga ɗaya. Malaminsu ne ya rasu a Zariya, shi kuwa ya bi ayarin leburori ya faɗa ƙaramin jirgin ƙasan nan da Turawa suka kawo Jos a 1914 saboda kuza, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Wata mai tuwo a Gangare ta gan shi yana rawar ɗari, ta ja shi zauren mijinta ta lulluɓa masa zane. A gidan ya girma, a gidan aka yi masa aure, kuma har ya koma ga Allah Inna yake kiranta.

To jama'a, ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya bincika asalin gidajen Gangare da Dilimi da Sarkin Arab zai tarar da irin wannan labari. A wancan zamani kowane maigida yana da zaure, kuma zaure na baƙo ne. Yaro ya zo, a tambaye shi garinsu, a kai shi wurin mutumin garin, shi zai ci da shi, ya sa shi makarantar allo, ya koya masa ɗinki ko fawa ko awo, in an samu mai zuwa gida a aika wa dangi cewa ɗansu yana hannu. Ko a shekarun 1942 zuwa 1944, da Turawa suka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza, sanyi da yunwa suka hallaka da yawa, a zaurukan nan waɗanda suka rasa kowa suka samu wurin raɓawa.

Sai rikici ya zo ya haifa mana namu marayun. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 yara da dama sun fita da safe, suka dawo babu gida babu iyaye. Aka sake a Yelwan Shendam a 2004, mutane suka gudu Bauchi da Lafiya, aka sake a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. Kuma mu faɗi gaskiya, kukan maraya a Unguwar Rogo ɗaya yake da na maraya a Dogo Nahawa. A 2014 kuma ga yaran Gwoza da Madagali da Boko Haram ta tarwatsa, wasunsu suka sauka a Bukuru.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da almajirai jiharsu. Ina gani aka loda yara a mota kamar buhunan dankali, wasu ko sunan ƙauyensu ba su riƙe ba. Na tsaya ina kallo ban ce uffan ba, ni jikan almajiri. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Mu da muka shekara ɗari ana ce mana baƙi a garin da aka binne cibiyarmu, ai mu ya kamata mu fi kowa sanin zafin kalmar. An kafa hukumar almajirai ta ƙasa a 2023, Allah Ya ba ta sa'a, amma hukuma ba ta lulluɓa wa yaro bargo da asuba. Yau mun rushe zaure mun yi shago, mun sa ƙofar ƙarfe. Wannan yaron da ke kwana a bakin shagonka a Bauchi Road, ka taɓa tambayarsa sunansa da garinsu? Inna ma daga nan ta fara.

Allah Ya ji ƙanta, Ya ba Filato zaman lafiya. Wassalam.