Gaisuwar Sabuwar Shekarar 'Yan Caina: Me Ake Faɗa Mana a Kantin Kwari?



Wani ɗalibina da ke tsaron shago a Kantin Kwari ya tare ni bayan darasi, hankalinsa a tashe. Ya ce mutumin Caina da maigidansa ke sarin atamfa a wurinsa ya miƙo masa jar ambulan da kuɗi a ciki, ya ce masa "gungshi fatsai", shi kuma ya maimaita ba tare da sanin ma'anarta ba. "Malam, ko na furta shirka?" Wannan tambaya ce ta sa na shiga bincike.

Baƙi ba sabon abu ba ne a Fagge. A nan fataken hamada suke sauka a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa tun farkon zamanin Turawa aka keɓe shi domin baƙi. 'Yan Caina na farko masu masana'antu ne da suka zo daga Hong Kong a shekarun 1960, sannan 'yan kasuwar yadi suka kwararo bayan shekarar 2000. A 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan Caina. Wanda ya zauna da kai haka, dole wata rana ka ji gaisuwarsa.

Bikin yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Da wata suke lissafi kamar mu, sai dai suna ƙara wata guda kusan duk shekara uku domin kada bikin ya bar lokacinsa, abin da Suratut Tauba ta hana mu. Ya tsufa ƙwarai, amma sunansa na yanzu, Bikin Bazara, a 1914 aka ba shi, bayan jamhuriya ta karɓi kalandar Miladiyya a 1912. A 1967 gwamnatin Mao ta soke hutunsa, sai a 1980 ya dawo.

To, mai karatu, ga ma'anar kalmomin. "Shinniyan kwaila" na nufin farin cikin sabuwar shekara. "Gungshi fatsai" kuwa, barka, arziki ya bunƙasa. Akwai wata da ta fi burge ni, "niyan niyan yo yu", wato kowace shekara a samu rara. Da yake kalmar rara da ta kifi furucinsu ɗaya ne, sai su dafa kifi a daren bikin, su ƙi cinye shi, ya kwana. Jar ambulan ɗin manya ke bai wa yara da ma'aikata, tamkar goron Sallah. Jan launi da wasan wuta suna da tatsuniya: wai wani dodo mai suna Niyan yana tsoron ja da ƙara.

Na ce wa ɗalibin babu sunan gunki ko ɗaya a abin da ya furta. Amma ban ɓoye masa ba cewa bikin yana da ɓangaren bauta: ana ƙona turare ga kakanni, kuma a rana ta biyar wasu na tarbar abin da suke kira allan arziki. Wannan ba ruwan Musulmi da shi. Game da taya murna, malamai sun saɓa. Ibnul Ƙayyim ya tsananta a kan bukukuwan addinin wasu, yayin da wasu malaman zamani suka sassauta idan bikin na al'ada ne, suna dogaro da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana. Ni dai abin da na zaɓa masa shi ne ya karɓi kyautar, ya yi godiya, ya yi wa mutumin fatan lafiya da shiriya. Na kuma koya masa sunan da Musulmin Caina, 'yan ƙabilar Hui, ke kiran Ƙaramar Sallah, "Kaijai jiye", domin idan ta zo ya kai wa mutumin tuwon Sallah ya faɗa masa.

Wallahu a'alam.