Gungun sabobin ko-ta-kwana

suna, namiji, fannin kwamfuta. Sabobi biyu ko fiye da ke raba fayiloli daga ma'ajiya guda. In ɗaya ta tsaya, wata ta karɓi sunan rabon da adireshin IP ɗinsa. A Windows Server, sabobin kan aika wa juna saƙon "ina nan" kowace daƙiƙa. Tun zuwan ƙa'idar raba fayiloli ta SMB 3.0 a 2012, fayil buɗaɗɗe kan tsallake sauyin ba tare da katsewa ba, muddin an saita rabon haka. In sabobin biyu ne kacal, kada a yi sakaci da shaida mai ƙuri'a ta uku: ita ke raba gardamar wadda za ta riƙe faifai idan sadarwa ta yanke tsakaninsu. Misali: Sabar farko ta ƙone da dare, amma gungun ya riƙe fayilolin albashi.